Hajiya kin taɓa kallon bidiyonki a wayar mai biyanki?

Wata Hajiya daga unguwar Ali Dan Sofo a Maradi ta turo min tambaya. Tana koyar da haɗa turaren wuta da humra ta bidiyo, ta buɗe shafin intanet, kowace mace tana biyan jaka 2 a wata. Mata 60 suka shiga, yanzu saura 20 da ɗoriya, kullum kuka suke bidiyo ba ya buɗewa. Ɗan yayarta ne ya haɗa mata komai, kuma yanzu yana cewa a sayi babbar kyamara. Wai ta ci bashi ta saya?

Hajiya kar ki saya, wallahi ko kyauta aka ba ki ba ita ce maganin ba. Kuskurenki guda ne, kin miƙa wa yaro kasuwarki don ɗan gida ne kuma ya iya latse-latse, ke kuma ba ki taɓa karɓar wayar ɗaya daga cikin matan nan kin danna kin ga abin da suke gani ba. Turarenki ai sai kin zuba a kasko kin shaƙa kafin ki sayar, to me ya sa bidiyo kika sake shi haka nan?

Kin ce da iPhone yaron yake ɗauka a 4K, wato hoto mai tsananin kaifi, ya ɗora yadda yake. To wannan fayil ɗin MOV ne, wato irin bidiyon iPhone, kuma galibi da tsarin matse bidiyo na HEVC wanda ƙananan wayoyi da tsofaffi da yawa ba sa iya buɗewa, wata sauti kawai za ta ji allo baƙi ƙirin. Ga nauyi, minti ɗaya na cin kusan mega 170, darasinki na minti 20 ya haura giga 3 ke nan. Matar da ke Tibiri ko Madarunfa da 'yar Itel ɗinta, rezo na zuwa yana ɗaukewa, ta sayi forfe na kwana guda da kuɗin cefane, kina so ta sauke giga 3? Ai ko ni sai in gudu.

A mayar da komai MP4 mai tsarin matsewa na H.264, shi ne kusan kowace waya ke buɗewa ba gardama. A yi kala biyu, 480p mai ƙaramin hoto ga mai lallaɓa mega, minti 20 zai tsaya wajen mega 150, sai 720p da ya fi shi kaifi ga mai hali. Akwai manhaja ta kyauta HandBrake a kwamfuta, aikinta ke nan. Darasin ma a yanka shi minti biyar-biyar, in ya katse ba sai ta koma farko ba. Kuma muryarki ta fi hoton muhimmanci, mace na son ta ji cokali nawa na miski kika ce, ba ruwanta da ƙyallin labulen falonki.

Na san wani tela a nan garin da ya yi irin wannan da darasin yankan kaftani, ƙaninsa ya zuga shi ya kashe kusan jaka 400 a kyamara da fitilu, almajiran suka watse cikin wata uku, da na je na tarar da kyamarar a kan keken ɗinki an lulluɓe ta da ƙyalle. Shi ma har ranar bai taɓa buɗe bidiyonsa a wayar kowa ba sai tasa.

Zancen mata 1000 da yaron ke lissafa miki miliyan 2 a wata kuwa, ki bar shi a bakinsa, kusan 40 sun tafi ba ki kira ko ɗaya ba. Ki kira su, ki ba su wata guda kyauta, ki rubuta a littafi wace waya kowacce ke riƙe da ita. Yaron ba na ce ki kore shi ba, amma daga yau duk bidiyon da ya gama ya fara kawo miki, ki ari wayar mai aikinki ki kunna da forfe ɗinki ba wifi ba, in ya tsaya yana juyi ki mayar masa da abinsa.