Abarba a Ɗakin Haya a Hamburg

Wata 'yar'uwa da ke aikin jinya a Hamburg, ƙasar Jamus, ta aiko da tambaya. Tana son ta shuka abarba a ɗakinta, kuma ƙanwarta da za ta zo daga Kaduna ta ce za ta riƙo mata dashe mai kyau, irin wanda ake kawowa daga Kudu. Shin zai yi a wannan sanyi? Kuma filin jirgi zai bari a wuce da shi?

Malama, bari mu fara da maganar filin jirgi, domin ita ce mai haɗari. Tun 14 ga Disamba 2019, dokar Tarayyar Turai ta ce duk wani tsiro da za a shigo da shi daga waje sai da takardar shaidar lafiyarsa daga hukumar ƙasar da ya fito. 'Ya'yan itace biyar kaɗai aka ɗauke wa wannan sharaɗi: abarba, ayaba, kwakwa, dabino da duriyan (wani ɗan itace na ƙasashen Asiya). To amma ɗan itacen da za a ci ake nufi, ba dashen da za a shuka ba. Idan 'yan kwastan suka ga toho da saiwa da ƙasa a jaka, ƙwacewa za su yi, ƙila har da tara. Yarinyar da ta sha wuya kafin ta samu biza ba ta buƙatar wannan tsayuwar a ranar farko. Ki ce mata ta kawo kuka da kuɓewa busassu idan tana so, su ma ta duba ƙa'ida tukuna, dashen kuwa ta bar shi a Kaduna.

Ai ma ba sai an kawo miki ba. Abarbar da ke kantin unguwarku, wadda yawanci daga Kosta Rika take zuwa, tukkunta ya isa iri. Ki zaɓi mai koren ganye, ki ja ganyen tsakiya a hankali. In ya zare da sauƙi, cikin ya ruɓe, ki ajiye ta. A gida ki murɗe tukkun, ki cire ganyen ƙasa har sai kin ga wasu 'yan ƙuraje masu launin ƙasa, su ne saiwoyin da za su fito. Ki bar shi ya sha iska kwana biyu ko uku, sannan ki dasa a tukunya mai huji, cikin ƙasa mai sakin ruwa da wuri.

Daga nan sai haƙuri. Abarba tana son zafi tsakanin digiri 20 zuwa 30, ƙasa da 15 kuwa girmanta tsayawa yake yi. Hita ta ɗauke miki wannan nauyin. Abin da hita ba ta bayarwa shi ne rana. A Disamba, yinin Hamburg bai kai awa 8 ba, shi ma yawancinsa gajimare ne. Sai ki ajiye ta a tagar da ke kallon kudu, ba manne da gilashi ba, ki ƙara mata fitilar LED kamar awa 12 a rana. Ki sayi farar fitila. Mai shuɗi-shuɗin nan kan sa maƙwabta su fara zargin wani ganye daban ake nomawa.

Ruwa ne ya fi kashe ta, ba ƙishirwa ba. Mu da muka taso muna ban-ruwa safe da yamma, hannunmu ba ya jin magana. Ki tsoma yatsa a ƙasar, in da danshi ki wuce abinki. Wannan halin nata ne zai taimake ki lokacin hutu: za ki iya zuwa gida ki yi wata guda ki dawo ki same ta da rai, muddin ba ki kashe hita gaba ɗaya a hunturu ba.

Kada ki sa ran cin abarba baɗi. Daga tukku zuwa fure shekara biyu ne ko uku, a ɗaki ma yakan wuce haka, sannan kusan wata shida kafin ɗan ya nuna. Guda ɗaya za ta ba ki, ƙarama, daga nan uwar ta ja baya ta bar miki toho a gindi. In ta girma ta ƙi fure, ki rufe ta a babbar leda tare da nunanniyar tuffa na mako guda. Iskar etilin da tuffa ke fitarwa ce ke tunzura ta. Manoman gida kabaid suke zubawa, amma kada ki kusanci wannan a rufaffen ɗaki.

In kin lissafa kuɗin wuta, wannan abarbar za ta fi ta kanti tsada nesa ba kusa ba. Duk da haka ni ina ganin ki shuka, don mai aikin dare tana buƙatar abu mai rai da ba ya neman kulawar kullum. Ki dai auna wurin tun yanzu, domin faɗinta kan kai mita guda, bakin ganyenta kuma da tsini. In kwantiragin hayarki ko takardar zamanki na iya sa ki ƙaura kafin shekara uku, ki bar ta a tukunyar da mutum ɗaya zai iya ɗauka.