Ma'aikata Na Gudu, Ina Mafita?

Tambaya: Kamfanin manhaja ne a Maradi, ma'aikata takwas. Albashin wata biyu bai fito ba, shugaba ba ya kiran taro, masu rubuta manhaja suna ta ficewa. Me za a yi?

Amsa: Malam, rufa-rufa ta fi rashin kuɗi kashe kamfani. Shugaba ya zauna da kowa ranar Litinin, ya buɗe littafin kuɗi, ya faɗi sefa nawa ta rage a asusu da ranar da za a biya, a rubuce. Ku duba ko ana zuba kuɗin CNSS, wato asusun fansho da kariyar ma'aikata na ƙasa, don kamfanoni da yawa sukan daina zubawa ba tare da sun faɗa ba. Kafin wani ya tafi, a karɓi kalmomin sirrin sabar (babbar kwamfutar da ke ɗauke da aikin) da ainihin rubutun manhajar (kod), in ba haka ba aikin ya tafi da shi. In an ƙi biya, a kai ƙara ofishin sufeton ƙwadago.