Me ya sa sakamakon alminiyam ɗina ya faɗi ƙasa da sifili?

Tambaya: Maigida, ina lissafin tasirin wani murfi na alminiyam mai nauyin kilo 1 ga muhalli a openLCA, manhajar da ke lissafa tasirin kaya tun daga ƙera su har ƙarshen rayuwarsu. Da na shigar da sake narkarwa a ƙarshen rayuwarsa, sai hayaƙin kabon ya koma ƙasa da sifili. Ina matsalar take?

Amsa: Yarona, cin tudu biyu ka yi. Ka sa tsohon alminiyam ya shigo masana'anta ba tare da wani nauyi a kansa ba, sannan a ƙarshe ka karɓi rangwame, wato ragin nauyin hayaƙi, a kan duk abin da aka tattara. Ɗaya za ka zaɓa.

Fara duba rumbun bayananka. Idan rumbun ecoinvent ne mai tsarin cut-off, tsohon ƙarfe yana shigowa da nauyin tattarawa da narkarwa kawai, na haƙar ma'adini ya tsaya a wuyan wanda ya fara amfani da shi. A wannan tsari babu rangwame a ƙarshe. Kai shara bakin mai sake sarrafawa, ka tsaya nan.

In kuma rangwamen kake so, to ragowa ake lissafawa. Mu ɗauka kashi 30 na murfin daga tsoho aka yi shi, ana tattara kashi 90 bayan ya gama aiki, tukunyar narki kuma tana mayar da kashi 95. Kilo 0.90 sau 0.95 ya ba ka kilo 0.855. Cire 0.30 da ka riga ka ci moriyarsa tun farko, saura 0.555. Wannan kaɗai za ka rubuta a matsayin sabon alminiyam da aka kauce wa, ka danna alamar kaucewa a gefen layinsa. Kada ka ƙara masa alamar ɗebewa da hannu, domin biyun za su soke juna, rangwame ya zama ƙarin nauyi. Haka sashen D na EN 15804 (ƙa'idar Turai ta bayyana tasirin kayan gini ga muhalli) yake tafiya, wato sashen rangwamen sake sarrafawa, kuma dabam ake nuna shi, ba a cakuɗa shi da sauran sassan.

Narkarwar ma ba kyauta ba ce. Wajen kashi 5 take ci na makamashin da ake buƙata wurin yin sabo, amma sai ka shigar da ita, da jigila, da rarrabewa, da dattin da ke taruwa a saman tukunya. Kilo 0.10 da ba a tattara ba ka tura shi binnewa. Sannan tara duk abin da ya fita, ka ga ko ya cika kilo 1.

Inda na fi ganin ana sakaci shi ne inganci. Gaurayayyen tsohon alminiyam yawanci kayan zubi ake yi da shi, irin na injin mota, bai cika komawa falle ba. In haka naka yake, rangwamen ɗaya bisa ɗaya ya yi yawa. ISO 14044, ƙa'idar duniya ta irin wannan lissafi, ta yarda da rufaffen zagaye, wato tsoho ya maye gurbin sabo kai tsaye, idan ainihin halin kayan bai sauya ba. Idan aikin na PEF ne, tsarin Tarayyar Turai na auna tasirin kaya ga muhalli, zaɓi ba a hannunka yake ba: akwai lissafinsu na sake sarrafawa mai suna CFF, inda A, adadin da ke raba nauyi da rangwame tsakanin mai samar da tsohon kaya da mai amfani da shi, yake 0.2 ga ƙarafa, 0.5 ga robobi.

Gudanar da lissafin sau biyu, da rangwame da babu, ka sa duka a rahoto tare da dalilin zaɓinka. Kafin nan buɗe layin sabon alminiyam ɗin, ka tabbata wanda ka kauce wa iri ɗaya ne da wanda ka shigar a farko, yanki ɗaya da wutar lantarki ɗaya.