Allurar mura, ciwon ƙoda da tsoron ciwon daji: amsoshin Likita

Tambaya daga Kawo: Likita, ana yi mini wankin ƙoda sau biyu a mako. Zan iya karɓar allurar rigakafin mura?

Amsa: Za ka iya, kai ne ma ka fi buƙatarta. Ka fara sanar da likitan da ke duba ka, kuma kada a yi maka a hannun da ake jona na'urar wanki.

Tambaya daga Rigasa: An yi mini bara, sai na sake bana?

Amsa: Sai ka sake. Ƙwayar cutar tana sauya kama, shi ya sa ake sabunta allurar duk shekara. Tana ɗaukar kamar mako 2 kafin ta fara aiki, don haka kada ka bari sai hunturu ya kankama.

Tambaya daga Tudun Wada: Mahaifiyata na da ciwon ƙoda. Mun ji a WhatsApp cewa allurar mura na haddasa ciwon daji, sai muka fasa, muka sayo mata jiƙo a tasha. Mun yi daidai?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, ba ku yi daidai ba, ku dakatar da jiƙon nan yau, ba gobe ba.

Allurar ba ta sa ciwon daji. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, aikinta ta nuna wa garkuwar jiki kamannin cutar. Abin da zai iya biyo baya shi ne tsamin hannu ko ɗan zazzaɓi na kwana 1 zuwa 2. Kuma murar da ake nufi ba ta atishawa da yoyon hanci ba ce, mai tsananin ce. Idan ƙoda ta yi rauni garkuwar jiki ma takan yi rauni, sai murar ta gangara huhu ta zama namoniya.

Wani bincike da aka yi a Taiwan ma ya ga ƙarancin ciwon dajin huhu a masu ciwon ƙodar da suka karɓi allurar. Sai dai bayanan marasa lafiya aka duba, kuma mai zuwa rigakafi galibi shi ne mai zuwa asibiti a kai a kai, don haka ba zan ce muku maganin daji ce ba. Alluran da aka tabbatar suna kare mutum daga daji su ne ta ciwon hanta nau'in B, wadda duk mai wankin ƙoda ke buƙata, da ta sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023.

Abin da ke ba ni takaici shi ne jiƙon. Wa ya san abin da ke cikin gorar nan, kanwa ce ko saiwar me? Ƙodar da ta gaza tace jini ita ake ɗora wa wannan kaya! Ku kai Hajiya asibitin Barau Dikko ko na Shika a yi mata gwajin jini, ku tafi da gorar. Idan ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu ko numfashi ya yi wuya, ku kai ta ko da tsakar dare ne.

Tambaya daga Kakuri: In jiki ya yi ciwo bayan allurar, in sha ibuprofen?

Amsa: A'a. Shi da diclofenac suna ƙara lalata ƙoda. Ka sha farasitamol yadda likitanka ya ce, in zazzaɓin ya wuce kwana 2 ka koma asibiti.