Bincike tare da al'umma: ta yaya za mu gane na gaskiya?

Tambaya: Malam, ni sakataren wata ƙungiyar manoma ne a karkara. Sau uku masu bincike suna zuwa garinmu da takardun tambayoyi, su cike, su ɗauki hoto, su tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Yanzu wasu sun zo sun ce nasu "bincike tare da al'umma" ne. Ina bambancin, kuma yaya za mu gane na gaskiya?

Amsa: Malam sakatare, ƙorafinka yana kan hanya, kuma mu masu wannan aiki muna da kaso a laifin. Abin da aka yi muku sau uku bincike ne a kanku. Wanda ake yi tare da ku kamar gayya yake: kowa da fartanyarsa, kuma mai gona ne ke nuna inda za a fara. Don haka abin da za ka fara dubawa shi ne daga ina tambayar binciken ta fito. In an rubuto ta tun daga ofis, ku amsa kawai ake nema, to suna ne aka sauya.

Tun shekarun 1960 da 1970 aka fara koyon wannan darasi a cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya. A lokacin malaman gona na matsa wa manomi ya shuka abu ɗaya a gona, suna ganin haɗa gero da dawa da wake rashin wayewa ne. Wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman da abokan aikinsa suka shiga ƙauyuka suna bin gonaki damina bayan damina. Lissafi ya nuna manomin ne da gaskiya: haɗin ya fi riba a kan fili ɗaya, kuma in ruwa ya ƙi wa wani, wani zai tsira.

Amma misalin da ya fi kwanta mini a rai daga Maraɗi yake. Mata manoma na ƙungiyar Fuma Gaskiya galibi 'yan gonaki suke samu masu nisa da gari, ƙasa ta gaji, ga takin zamani ya fi ƙarfin aljihunsu. Abin da ke hannunsu kyauta shi ne fitsarin gida. Sai suka haɗa kai da masana na cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, da wata jami'a ta Jamus. Masana suka kawo abin da suka sani: a zuba a jarka, a rufe gam, a ajiye wata biyu zuwa uku har ya tsumu, ƙwayoyin cuta su mutu. Sai dai akwai abin da ɗakin gwaji ba zai warware ba, wato ƙyama. Wa zai tsaya a bainar jama'a yana zancen fitsari a gonar abinci? Aka sa masa suna "Oga", magana ta yi sauƙin fita a baki. Daga 2014 zuwa 2016 matan suka yi gwaji 681 a gonakinsu na kansu, suna kwatanta gefen da aka zuba da wanda ba a zuba ba. Amfanin gero ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ka lura, hannun da ke shuka shi ne ya yi gwajin, shi ya sa da masana suka koma birni aikin bai bi su ba.

To ga baƙinku. Ku zauna da su tun kafin a taɓa ƙasa. Ku tambaye su ko kuna da ikon sauya abin da za a gwada, ko ku ce wannan ba shi ne ciwonmu ba. Ku tambayi wa zai ɗauki asara in gwaji ya ci tura, domin mai bincike albashinsa na nan, manomi kuwa rumbunsa ne. Ni shawarata kada gwaji ya wuce ɗan gefen gona a shekarar farko. Ku kuma sa sharaɗi a rubuce cewa za a dawo da sakamako a gaban jama'a, da Hausa, kafin damina ta gaba, ko ya yi kyau ko bai yi ba.

Akwai kuma wani abu da ya rataya a wuyanku ku shugabanni, kuma ina faɗar sa da girmamawa. Sau da yawa in an ce "al'umma", mai gari ne da manyan manoma biyar ke magana a gindin bishiya, sauran na gyaɗa kai. Mata ba su nan, matasa na tsaye a baya, makiyayin da ke ratsa gonakin ba a ma kira shi ba. Mai bincike na ƙwarai zai nemi zama da kowane rukuni daban. In ya nema, kada ku ɗauka raini ne, ku sama masa gidan da mata za su taru da hantsi bayan sun sauke tukunya, ku aika a kira Arɗo.