Ku Tambaya Mu Amsa: Wayar da ke hannunki ma shago ce

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa duk a kan waya suke, na zaɓo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wata mai ɗinki a Zariya: Salam Malam, ni ɗinki nake a cikin gida, maigidana ya sai min Tecno bara amma gaskiya banda kallon status da hira a gurup ɗin 'yan ajinmu ba abin da nake da ita, ga data bata kai min sati. An ce ana samun kwastoma ta waya, dan Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki fara da sauke WhatsApp Business, kyauta ne a Play Store, tun 2018 aka fito da shi saboda masu ƙananan sana'o'i irinki, kuma da lambarki ta yanzu za ki koma kansa, hirarrakinki su biyo ki. A cikinsa akwai katalog, wato wajen da za ki jera hotunan ɗinkunanki kowanne da kuɗinsa, in mace ta ce nuna min samfuri ba sai kin tsaya laluben hoto cikin dubban hotunan biki ba, tura mata kawai za ki yi ta zaɓa. Akwai kuma alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira, ki yi ɗaya ta sabon aiki, ɗaya ta wadda ta biya rabi, ɗaya ta an gama saura karɓa. Wallahi wannan ɗan abin shi na fi so a manhajar gaba ɗaya, don duk wanda ya san gidan tela a goman ƙarshe na azumi ya san rigimar ba daga keke take tasowa ba, daga mantuwa ne, wa ya kawo atamfa, wa ya kawo leshi, wa aka yi wa alkawarin jajibiri. Awon kowace kwastoma ma ki rubuta ki tura mata a hirarku, da kuɗin da kuka yi da ranar karɓa, in an zo ana musu sai a buɗe a gani.

Hoto kuma shi ne tallanki. Ki goge gilashin kyamara da gefen mayafi kafin ki ɗauka, ki fito da kayan bakin ƙofa ko tsakar gida da hantsi, kar ki ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki don launin yadi canzawa yake, kwastoma ta ga shuɗi a waya ta zo ta tarar da wani abu daban. Kuma kar ki sa hoton mace sanye da kayan sai kin nemi izininta. Status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki, saboda haka duk wadda ta kawo ɗinki ki ce Hajiya ajiye lambata mana. Hoto uku ko huɗu masu kyau a rana sun isa, masu zuba talatin a jere wuce su ake yi.

Maganar data, mafi yawanta bidiyon gurup ne ke shanye ta, yana sauka da kansa ko ba ki buɗe ba. Ki shiga saitin WhatsApp wajen ajiya da data ki hana hoto da bidiyo sauka sai kin taɓa, ki je Play Store ki sa kar manhajoji su sabunta kansu sai a kan Wi-Fi, in kina Facebook ki koma Facebook Lite. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin da ake dannawa na kamfanonin layi suka zama iri ɗaya, *323# duba ragowar data, *312# sayen data, *310# duba kuɗin kira, ko wane layi ne a Najeriya. Ki riƙa dubawa safe da yamma na kwana uku, da kanki za ki gane lokacin da take zurarewa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau: Malam an zare min waya a adaidaita sahu da magariba, na ce sai da safe na je banki, kafin gari ya waye an kwashe abin da ke asusuna. Kuma wayar akwai makulli. Ya akai haka? Na sai sabuwa, me zan yi kar a maimaita?

Amsa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Alhaji Allah ya mayar maka da mafi alheri. Makullin fuskar waya bai kare sim ba, nan ne matsalar. Ɓarawo cire sim ɗin yake ya sa a ƙaramar waya, daga nan duk saƙon banki da lambar tabbatarwa hannunsa suke zuwa, in ya dace da wasu bayananka sai ya yi taransfa ta lambobin da ake dannawa ba tare da intanet ba. Maganin shi ne ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, yana cikin saitin tsaro na waya, wajen kulle sim. Da zarar an cire shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba sai an sa lambar. Amma ka kula, in aka yi kuskure sau 3 yana rufewa sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, don haka ka nemo katin nan ka adana tun kafin ka fara.

Yau ɗin nan ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ka rubuta a takarda ka sa a aljihu, ba a cikin wayar ba. In abu ya faru asusu ake fara rufewa a daren, sannan layi, da safe ka ɗauki lambar NIN ɗinka ka je ofishin kamfanin layin a dawo maka da shi. Ka danna *#06# a sabuwar wayar, lambar IMEI mai lamba 15, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ita ma rubuta, 'yan sanda za su nema.

Sai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, mutane da yawa yaron shagon waya ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sai wayar, ba su san adireshin ba balle kalmar sirrin. Alhali wannan asusun shi ke riƙe lambobin abokan cinikinka in ka ajiye su a kansa, yana da wajen ajiya 15GB kyauta, kuma da shi ake shiga ta wata wayar a ga inda taka take ko a goge komai daga nesa. Ɗan kasuwa ya rasa lambobin dillalai da direbobin da ya tara shekara goma, wannan asarar ta fi kuɗin wayar nesa ba kusa ba. Ka zauna da ɗanka ko wani amintacce ku canza kalmar sirrin ka riƙe da kanka. WhatsApp ma ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, lamba 6 ce, kuma duk wanda ya kira ya ce an turo maka wata lamba bisa kuskure ka karanto masa, kashe wayarka kawai.

Tambaya daga wani mai shagon kayan masarufi a Gusau: Sau biyu ana nuna min alat na ba da kaya, daga baya na ga ba kuɗi. Ya zan gane na bogi?

Amsa: Ƙanena kar ka tsaya gane shi, saƙon tes da hoton rasit duk ana iya ƙirƙirarsu su fito tsaf kamar na gaske. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da kowa ya koma taransfa abin ya yawaita. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka ka ga kuɗin sun hau kan balans, sannan kaya su bar kanta. In ya ce sauri yake netwok ne ya riƙe, ya bar kayan ya dawo, mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Ina rubuta wa ɗalibai darasin Hausa a waya amma ba ni da haruffa masu lanƙwasa, sai ƙasa ta koma kasa.

Amsa: Malam na ji daɗin wannan tambayar sosai, don bambancin kafa da ƙafa ko dauri da ɗauri ba ƙaramin abu ba ne a wajen yaro mai koyo. Ka sauke Gboard, manhajar maɓallan rubutu, in babu shi a wayarka, ka shiga saitinsa wajen harsuna ka ƙara Hausa. Daga nan in ka danna k ka riƙe ƙ zai fito, haka d da b su ba ka ɗ da ɓ, y kuma ya ba ka ƴ irin wanda kuke rubutawa a Nijar, mu nan Najeriya 'y muka fi sawa. Ba sai ka cire Faransanci ba, duka biyun za su zauna tare, alamar duniya da ke kusa da dogon maɓallin tazara ita za ka taɓa ka sauya daga wannan zuwa wancan.