Tambaya da Amsa: Motata tana tashi, amma ba ta jimawa sai ta mutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da Peugeot 504 da na gada daga mahaifina, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna. Makonni uku ke nan idan na tayar da ita sai ta yi kamar minti ɗaya tana aiki lafiya lau, daga nan ta fara shessheƙa, ko na taka totur ba ta amsawa, sai ta mutu. Idan na bar ta ta huta kaɗan takan sake tashi, amma sai na daɗe ina murza makulli. Na sauya fulogi da batir, ba ta sauya zani ba. Bakanike ya ce a sayi sabon kafireto. Mene ne shawararka? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar sayen kafireto, domin bayanin da ka yi ya fi nuna cewa mai ne ba ya isowa gare shi yadda ya kamata. A cikin kafireto akwai wani ɗan kwano da mai yake taruwa, kuma abin da ke cikinsa ya isa ya riƙe injin na ɗan lokaci ko da ba a ƙaro masa ba. Idan injin yana shan mai fiye da yadda famfo yake kawowa, kwanon zai ƙafe, motar ta yi shessheƙa ta mutu, sannan doguwar murza makullin da kake yi ita ce take sake cika shi. Saboda haka tsawon lokacin da mota take ɗauka kafin ta mutu, da yanayin mutuwar, su ne shaidar farko da ya kamata bakanike ya nema kafin ya ɗauki sifana.

Ga yadda za ka tabbatar. Da zarar ta mutu, kashe makulli, ka cire murfin matatar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireto yayin da wani yake taka totur sau biyu ko uku. Idan akwai mai a kwanon, za ka ga siririn fetur yana tsartuwa ciki. Idan babu abin da ya fito, to kwanon ya bushe, sai a bi hanyar mai daga tanki. Fara da abin da ba ya cin ko kwabo: buɗe murfin tanki ka saurara. Idan ka ji ya ja iska da ƙarfi, kuma motar ta ci gaba da aiki muddin murfin yana buɗe, hanyar shaƙar iskar tankin ce ta toshe. Idan ba haka ba, a zare tiyon da ya taso daga famfon mai zuwa kafireto, a sa bakinsa cikin gora, a cire wayar kwayil, wato abin da yake ba fulogi wuta, don gudun tartsatsi, sannan a murza makulli. Famfo mai lafiya yana tunkuɗo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu, wanda ya gaji kuwa ɗiga kawai yake yi. A kuma zaro sandar gwada baƙin mai a shinshina, domin idan fatar cikin famfon ta yage, fetur yakan zurara ya gauraya da baƙin mai.

Abin da na fi zargi a motar da ta kai wannan shekaru shi ne tsatsar tanki, musamman idan ana yawan zuba mata man jarka na bakin titi. Yayin da famfo yake zuƙa, dattin yakan taru a bakin bututun da ke cikin tanki ya toshe shi, idan injin ya tsaya kuma sai ya saki ya koma ƙasa, shi ya sa take sake tashi bayan hutu. Juye matatar mai a kan farar takarda. Idan ka ga jan gari kamar na bulo, sai an sauke tanki an wanke, in ba haka ba sabon kafireton ma cikin kwanaki zai toshe. A duba tiyon roba da ke tsakanin tanki da famfo, domin wanda ya tsattsage yana iya zuƙar iska ba tare da ya ɗigar da mai ba. A ƙarshe a duba ƴar allurar da fulot, wato abin da yake yawo a kan mai a cikin kwanon kafireto, yake buɗewa da rufewa, domin allurar takan maƙale.

Idan kuwa ka ga fetur yana tsartuwa bayan ta mutu, to zancen ya sauya. Baƙin hayaƙi a salansa, warin fetur da jiƙaƙƙen fulogi suna nufin mai ya yi yawa, ko dai cok, wato marfin da yake rage iskar da ke shiga kafireto, ya maƙale a rufe ko fulot ya huje ya nutse. Motar da ba ta mutuwa sai an ɗaga ƙafa daga totur, jet ɗin silo ne, wato ƴar ƙofar da take ba injin mai idan ba a taka totur ba, ya toshe ko iska tana shiga ta gasket ɗin gindin kafireto. Wadda take mutuwa farat ɗaya ba shessheƙa, bayan ta yi zafi, a nemi laifin a kwayil, kondensa ko kwantak, wato ƴan ƙarafan da suke haɗuwa suna rabuwa domin kwayil ya ba da wuta, waɗanda tazararsu a 504 milimita 0.40 ce.

Wasu kanikawa sukan tsiyaya fetur kai tsaye a maƙogwaron kafireto suna leƙawa ana murza makulli. Kada ka yarda a yi haka a motarka, domin injin yakan yi tari ya watso wuta ta sama. Haka nan kada a taɓa sukurorin saitin silo har sai an tabbatar mai yana isowa. Idan dole sai an kwance su, a ƙirga zagayen da kowanne ya yi a rubuta, domin a iya mayar da shi inda yake.